Adama, Nafisa da Sumayya: me ya sa mai baki ta fi mai haƙuri zama a ran masu kallo?

Tambayi matan Gombe wace ce suka fi so a shirye-shirye masu dogon zango, amsar farko da za ka ji ta kara ce. Za a ambato maka yarinyar kirki, mai ladabi, wadda aka zalunta ta haɗiye, ta bar wa Allah. To amma ka ajiye tambayar, ka kasa kunne ga hirar da ake yi washegarin shiri, a gidan suna ko wajen kitso ko a bencin masu jiran awo, za ka tarar ba zancenta ake yi ba. Wadda ake kwaikwayon muryarta, ake tafa hannu, ake cewa "Allah ya shirye ki" ana dariya har da hawaye, ita ce mafaɗaciyar nan da kowa ya rantse ba ya ƙaunarta. Akwai wadda ake yabo, akwai wadda ake jira ta fito, kuma da wuya ka ga sun zama mace ɗaya.

Ni ban ɗauki wannan a matsayin munafunci ba. Yana da dalilai: wasu suna cikin yadda ake ƙulla labari, wasu suna cikin halin da sana'ar fim ɗin Hausa take ciki, wasu kuwa a tsakar gidajenmu suke.

Mace mai cikakken hali a allon Hausa ba tsohon abu ba ce. Wasannin kwaikwayon da iyayenmu suka kalla a tashoshin gwamnati, tun Gombe tana cikin Jihar Bauchi kafin 1996, sunayen maza aka fi riƙewa daga cikinsu, su Samanja da Karkuzu da Kasimu Yero. Mata suna ciki, sun kuma taka rawarsu, sai dai galibi matar wane ce ko 'yar wane: ta kawo ruwa, ta yi faɗa ɗaya, ta koma ɗaki. Da finafinan kaset da na faifan CD suka zo, mace ta matso gaba, amma aikinta bai wuce a gan ta a so ta ba, ta yi waƙa, ta yi kuka, a ɗaura aure. A cikin awa biyu ko uku ina filin da za a san abin da ke ɓata mata rai, ko yadda take taya kaya a kasuwa?

Dogon zango ne ya sauya lissafin. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, Dadin Kowa ya biyo baya a 2015, Kwana Casa'in a 2019, sannan Labarina da Izzar So suka ɓarke a 2020, shekarar kullen korona, lokacin kasuwar faifai ta riga ta durƙushe, masu shirya fim suna ta komawa YouTube. A YouTube ɗin ma Izzar So ya yi suna, amma a yau wa ke raba talabijin da waya? Shirin da ɗaukewar wuta ta hana ka gani da daddare, da safe yana shagon masu tura finafinai. Abin da ya canza shi ne lokaci. Macen da za ka gani kowane mako, shekara da shekaru, dole a ba ta ɗabi'a, da maƙwabta, da bashi, da abin da take ɓoyewa. Kyan fuska ba ya riƙe mai kallo har zango na biyar.

A nan Adama ta shigo, matar Kamaye a Dadin Kowa. Garin shirin ƙirƙirarre ne, ba Dadin Kowa tamu ta hanyar Biu mai madatsar ruwa ba, ko da yake akwai tsofaffin da har gobe ba za ka raba su da cewa a can ake yin sa ba. Idan aka jera halayen Adama a takarda, babu wanda uwa za ta so 'yarta ta ɗauka: mita, son abin hannu, rashin tauna magana, ga kuma baki da ba ya mutuwa. Amma ka lura da abin da faɗanta yake kai. Talauci ne, da abin sawa a tukunya, da mijin da samunsa bai kai buƙatar gida ba. Ba a wata duniya take faɗan ba, a tsakar gida take yin sa, da zani ɗaure, irin gidan da ke Bolari ko Kumbiya-Kumbiya ko Herwagana.

Na taɓa jin wannan muhawara a gidan wata mai kitso a Bolari. Wata dattijuwa da ta zo a tsefe wa jikarta kai ce ta fara:

"Ni fa matar nan ba ta burge ni. Mace ta tsaya tana sa-in-sa da mai gidanta, kowa yana ji?"

Mai kitson ba ta ko ɗaga kai ba, tsinken tsaga a baki, ta ce, "Goggo, ai ba ƙarya take yi ba. Mutum ya ajiye miki abin da ko manja da magi ba zai saya ba, ya sa kai ya fice, sai ki raka shi da guɗa?"

"Ke dai ba a haka. Mu a zamaninmu ko sunan miji ba ma faɗa."

"A zamaninku hatsi yana rumbu, Goggo."

Aka kwashe da dariya. Sai wadda ake yi wa kitson, wata matashiya da kanta ke sunkuye tsakanin gwiwoyin mai kitso, ta yi magana ƙasa-ƙasa: "Adda, ni wallahi in ta fara, ji nake kamar ni ake sauke wa kaya."

Wannan magana ta matashiyar ita ce rabin bayanin. A garin da kawaici da fulako suke da daraja irin Gombe, akwai maganganu da yawa da mace take haɗiyewa daga safe zuwa dare, ba don ba ta da amsa ba, sai don tarbiyya ta hana. Idan ta zauna kallo ta ga wata ta amayar da su duka, ba tare da an kira iyayenta sulhu ba, wani nauyi yakan sauka. Tana iya tsine wa Adama da baki, kuma da gaske take, domin ba ta yarda da rashin kunya ba. Amma mako mai zuwa ita ce ta farko a gaban akwatin. Mai haƙurin shiri ba ta ba ta wannan. Haƙuri ai shi take yi tun wayewar gari, ba sai an nuna mata yadda ake yin sa ba.

Ɗaya rabin bayanin na masu rubutu ne. Kowace mace a labari ana iya yi mata tambaya biyu: me take so, me kuma ta yi don ta samu? Adama tana da amsa nan take. Kyauta Dillaliya ta Dadin Kowa, wadda ke shiga gida-gida da ƙullin kaya da ƙullin magana, tana da amsa. Matar Gwamna Bawa Maikada a Kwana Casa'in tana da amsa: mulki take so ya zauna a gidanta, ba kuma zaman jiran tsammani take yi ba. To ka yi wa yarinyar kirki ta yawancin shirye-shirye wannan tambaya. Me take so? A bar ta lafiya. Me ta yi? Ta yi kuka, ta yi addu'a, ta jira. Abubuwa ne suke samun ta, ba ita ke samar da su ba. Labari kuwa kamar tukunya ne a kan murhu: mai haƙuri ita ce ruwan ciki, mai rigima ita ce wutar, kuma idon mai girki a kan wutar yake. Mun gaji karin maganar da ke cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, gaskiya ne a rayuwa, amma babu wanda zai ƙona datarsa yana kallon dutse a tukunya har mako arba'in.

Hajiya Nafisa ta Izzar So, wadda Aisha Najamu ta fito a matsayinta, wata irin wuta ce daban, kuma masu sonta daban ne. Ita ba cefane ne damuwarta ba. 'Yar masu hali ce, tana da iko a kamfani, tana kallon Umar Hashim, talakan ma'aikaci mai tsayuwa kan gaskiyarsa, sama da ƙasa. An gina shirin ne don a nuna illar girman kai, kowa ya san inda aka dosa. Sai dai ka ji yadda 'yan mata, musamman ɗaliban jami'ar jiha da ke Tudun Wada, suke zancenta: shigarta, takunta, yadda take ba maza umarni a ofis su miƙe. Sun san za a karya ta a ƙarshe, amma kafin a karya ta ɗin suke morewa. Mace mai mota da teburi da sa hannu a takarda ba kasafai ake ganinta a fim ɗin Hausa ba sai a matsayin darasi, saboda haka ko a darasin aka kawo ta, ana karɓa hannu biyu.

A nan nake da ƙorafi a kan marubutanmu. Kusan duk macen da aka ba iko a labari, an ba ta ne don a ƙwace. Idan mai kuɗi ce, mai raini ce. Idan 'yar boko ce, ba ta iya zaman aure ba. Idan matar babba ce, ita ke zuga shi. Sai ka rasa ko babu mace mai iko mai hankali a ƙasar Hausa ne, alhali kowane asibiti da kowace makarantar sakandare a jihar nan akwai irinsu, suna riƙe da ma'aikata, suna kuma riƙe da gidajensu. Masu kallo suna son Nafisa ne duk da abin da labarin yake so su ji game da ita, kuma wannan ya isa ya nuna wa mai rubutu cewa akwai ƙishin da bai kashe ba.

Rigima kaɗai dai ba ta wadatar. Muguwar da ba ta da dalili takan gundura da wuri. Marigayiya Saratu Gidado, Daso, wadda ta rasu a watan azumin 2024, ta shafe shekaru tana fitowa a muguwar uwar miji ko kishiya ko matar uba, har ta zama ma'auni. Abin da ya riƙe mutane a wajenta gwanintarta ce, zare ido da murguɗa baki da barkwancin da take cusawa, domin sau da yawa labarin bai ba ta dalilin muguntar ba. An ce mata ke muguwa ce, ta ɗauki abin ta raya shi da kanta. Ba kowace jaruma ke da wannan baiwa ba.

Ka kwatanta da Selcan ta shirin Turkiyya na Ertugrul, wanda ya shiga gidajen Arewa sosai, har da fassarar Hausa. Da farko makira ce ta ƙin ƙarawa, tana ƙulla sharri a cikin gidan da ya rene ta. Amma an nuna maka tushen abin: mahaifinta ya mutu a hannun shugaban ƙabilar, wato mutumin da ya ɗauke ta ya riƙe kamar 'yarsa, ta girma da wannan miki a zuci. Da ta zo tuba, ba dare ɗaya aka yi ba, ta sha ƙin yarda da kallon tuhuma daga waɗanda ta cuta, daga baya ta zama mai gano makircin wasu tun kafin kowa, domin ta san hanyar. Mata da yawa da na ji suna zancen shirin sun fi ambaton ta a kan Halima, matar jarumin, wadda ba ta da aibu. Tubar da aka sha wuya a kanta tana da daɗin kallo ga mutanen da suka tashi da jin wa'azin tuba. Namu shirye-shiryen sukan yi gaggawa a nan: muguwa ta yi hatsari ko asirinta ya tonu, ta durƙusa ta nemi gafara, a rufe. Ba tuba ta yi ba, kama ta aka yi.

Sai harshe, wanda a ganina shi ne babban jarin macen allon Hausa. Fim ɗinmu yana da iyakokin da na wasu ba su da su. Namiji da mace ba sa taɓa juna, sutura tana da ƙa'ida, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001, tana sa ido, jama'a kuma sun fi hukumar sa ido. Abin da jarumar wata ƙasa za ta nuna da jiki, tamu sai dai ta nuna da ido da murya. Shi ya sa duk nauyin ya koma kan magana: habaici, gatse, gugar zana, baƙar magana a cikin fara'a, "sannu da aiki" da ke nufin akasin haka, shiru a inda ake jiran amsa. Kuma wa aka yarje wa wannan taska? Ba yarinyar kirki ba, ita "to Baba" da "ka yi haƙuri" ne rabonta. Dillaliya aka ba, da kishiya, da uwar miji, da maƙwabciya mai leƙe ta katanga. Duk Hausar da ke da gishiri an zuba ta a bakin waɗanda aka ce kada a yi koyi da su. Ina mamakin a ce su ake kwaikwayo a wajen biki?

Ba banza ba kuma matan Dadin Kowa suke magana kamar matan unguwa. Cikin waɗanda suka yi aikin rubuta shirin akwai mata, irin su Fauziyya D. Sulaiman, wadda ta fito daga duniyar littattafan Hausa, inda mata suka daɗe da mamaye fage. Wanda ya zauna a tsakar gida ya ji yadda ake rabon kwana da rabon nama, kunnensa daban ne da na wanda ya tsaya a zaure. Ba cewa nake namiji ba zai iya rubuta mace ba. Muna da Yakubu M. Kumo, ɗan jihar nan, cikin fitattun masu rubuta labarin fim. Amma ana gane zancen mata da aka jiyo da wanda aka ƙaga.

To ina Sumayya ta Labarina a wannan lissafi? Ai ita yarinyar kirki ce, 'yar talakawa, ga samari suna takara a kanta, Mahmud da Presido da Lukman, kuma babu mai musun cewa an so ta matuƙa. Gaskiya ne. Sai dai a duba abin da aka riƙa muhawara a kai lokacin da wannan shiri na darakta Aminu Saira yake tashe: wa ya dace ta aura? Majalisu sun rabu, 'yan Mahmud da 'yan Presido, kamar zaɓe. Wato ko a shirin da ita ce ginshiƙi, hirar ta maza ce, ita kuwa kambun da za a ba wanda ya yi nasara. Abin da ya ɗaga Sumayya sama da sauran masu haƙuri, a nawa ganin, jarumar da ta fara fitowa a matsayinta ce, Nafisa Abdullahi. Tana da wata tsayuwar ido da taurin murya da ke sa ka ji yarinyar nan tana da ra'ayi ko ba ta furta ba, haƙurinta na wadda ta zaɓa ne, ba na wadda ta rasa yadda za ta yi ba.

Hujjar ta fito da Nafisa ta bar shirin, aka ɗora Fati Washa, 'yar Bauchi, a gurbin. Fati Washa gogaggiya ce, ba ta gaza ba. Amma masu kallo da yawa sun kasa karɓa, suna cewa wannan ba Sumayyarsu ba ce. Suna ɗaya, tarihi ɗaya, me ya ɓace? Abin da ya ɓace shi ne abin da ba a taɓa rubutawa ba, wanda jarumar farko ta zo da shi daga jikinta. Da a ce halin Sumayya yana da ƙashi a takarda kamar na Adama, da sauyin fuska bai yi zafi haka ba.

Me ya sa marubuta ba sa ba yarinyar kirki ƙashi? Ba duka laifinsu ba ne. A wajenmu ba a cika raba jaruma da rawar da ta taka ba. Suna ma bin su yake: Aisha Izzar So, Adaman Kamaye. Ba mu kaɗai ba ne, Sola Sobowale ta daɗe tana amsa Toyin Tomato tun Super Story na tashar NTA. Amma a Arewa abin yana da tsada, domin hukuncin da aka yanke wa rawar yakan sauka a kan mutuncin mai ita. Budurwar da ta fito a fitsararriya, za a tare ta da zagi a Facebook da TikTok, wataƙila a kai ƙara wajen danginta, wataƙila manemi ya janye. Kowa a masana'antar yana tune da 2016, lokacin da ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon waƙar mawaƙi ClassiQ. A watan Mayun 2025 kuma hukumar tace finafinai ta Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 a lokaci guda, har da Labarina da Dadin Kowa, kan batun miƙa su a tace kafin a saki. Mai zuba kuɗinsa a irin wannan yanayi zai gwammace jarumarsa ta zama marar laifi ko da za ta zama marar ɗanɗano.

Ga kuma aure. Al'adar masana'antar ita ce jaruma in ta yi aure takan bar fitowa. A fim mai awa biyu wannan ba matsala ba ce, amma a shirin da zai shekara biyar, marubuci yana gina budurwa ne da sanin cewa kowane lokaci katin gayyata zai iya zuwa, sai a tura ta karatu waje, ko a kashe ta, ko a sauya fuska. Dattijuwa kuwa, ko wadda ta riga ta ga jiya ta ga yau, tana nan daram, ba ta tsoron abin da manemi zai ce, mai rubutu yana sakin hannu a kanta. Shi ya sa matan da suka fi rai a shirye-shiryenmu sukan kasance iyaye ne da gwaggonni da zawarawa.

Akwai mace ɗaya da ba ta shiga ko ɗaya daga rukunan nan ba, kuma mu a Gombe ya kamata mu fi kowa gane darajarta: Stephanie ta Dadin Kowa, wadda Sarah Aloysius ta fito a matsayinta. Kirista ce, Hausa a bakinta kamar kowa, ga soyayya tsakaninta da Nazir, Musulmi. Ba mafaɗaciya ba ce, ba kuma 'yar "to Baba" ba ce. Abin da ke riƙe mai kallo a wajenta shi ne tana tsakanin abu biyu da duka take ƙauna, kuma ko wanne ta zaɓa sai ta yi asara. Wataƙila ga wani mai kallo wannan baƙon labari ne. Ga wanda ya san Billiri da Kaltungo, ko ya zauna a gidan haya a Tumfure, inda za ka samu wa da ƙani ɗaya yana zuwa masallaci ɗaya coci, ana aiko da abincin Kirsimeti ana mayar da naman Sallah, Stephanie maƙwabciya ce. Miliyoyin masu jin Hausa ba Musulmi ba ne, amma kafin ita da wuya ka ga irinsu a fim ɗin Hausa sai a matsayin baƙo mai gurɓatacciyar Hausa da aka kawo don dariya, ko wadda za ta musulunta kafin a tashi. Ba ta mutunci da iyali da damuwa irin ta kowa, wannan kaɗai ya sa ta zauna a ran mutane.

Na Indiya ba sai an daɗe a kansu ba. Pragya ta tashar Zee World ta yi haƙurin da ya wuce hankali, shekara da shekaru ana raba ta da miji ana mayarwa, har masu sonta suka koma yi mata tsiya. Jodha ta fi ta farin jini a wajen waɗanda na sani, kuma dalilin bai wuce wanda muka faɗa ba: an aurar da ita ga sarki ba da son ranta ba, ta shiga fada ta ƙi sakin abin da ta yi imani da shi, tana iya kallon sarki ta ce a'a. Sauran abin jan hankalin kaya ne da gwala-gwalai, waɗanda telolin garin nan suka fi kowa sanin tasirinsu idan Sallah ta matso.

Maza fa? Su ai ba sa kallo, in ka ji ta bakinsu. Wucewa kawai suke yi ta falo. Sai dai a majalisar mai shayi za ka ji magidanci yana kawo abin da Adama ta yi wa Kamaye dalla-dalla, yana ƙarewa da "Allah ya raba mu da irinta", ka rasa a wace wucewar ya ga wannan duka.

Abin da ke ba ni tsoro yanzu shi ne masu shirya fim sun gano cewa faɗa yana kawo masu kallo, amma ba su tsaya sun gano dalilin ba. A YouTube yawan kallo shi ne kuɗi, guntun bidiyon da aka yanko ana cacar baki shi ke yawo a waya, saboda haka sababbin shirye-shirye sun cika da mata masu ihu: kishiya ta shigo da zagi, uwar miji ta amsa da tsinuwa, a ja abin mako goma. An ɗauki murya an bar dalili. Adama ba don ƙarfin murya aka riƙe ta ba, don an san abin da ke cin ta ne.

Kuma har yanzu akwai matan da ba a taɓa ba. Aminai biyu da zancensu ba na namiji ba ne. Kishiyoyin da suka haɗa kai suka riƙe gida bayan rasuwar miji, waɗanda kowace unguwa tana da su. Ungozomar asibitin karkara da ke karɓar haihuwa da hasken waya. Uwar adashe da kuɗin mata talatin ke hannunta, ɗaya ta ci ta gudu, ga ranar kwasa ta zo. Ko hajiyar da ke sayen wake da masara lokacin kaka ta tara, tana ciniki da dillalan Tudun Hatsi ta waya daga cikin ɗakinta, 'ya'yanta maza suna yi mata lissafi suna tsoron kuskure. Wannan tana da abin da take so, tana da abokan hamayya, tana da baki, kuma babu abin da hukumar tacewa za ta yanke a labarinta.